Birkin SawStop na injin yanka katako, gaskiya ya cancanci kuɗinsa

Jama'a duk kafintan da ke aiki da tebur ɗin SawStop ya san darajar wannan ɗan katirij, wato akwatin birkin da ke ƙarƙashin faifan zarto. Faifan na ɗauke da 'yar wutar lantarki, da zarar fatar mutum ta taɓa shi sai wani guntun alminiyam ya cafke haƙoran, faifan ya tsaya cikin ƙasa da milisakan 5 kuma ya nutse ƙasan tebur, galibi yatsa ya tsira da ɗan ƙwarzane kawai wallahi abin a yaba ne.

Amma fa in birkin ya tashi sau ɗaya shi kenan, sai sabon katirij, galibi har da faifan ma. Canzawar ba wuya, ka kashe wuta, ka zare makullin da ke riƙe da katirij ɗin, ka fitar da tsohon ka sa sabo, sannan ka daidaita tazarar da ke tsakaninsa da faifan, kar ka yi sakaci da wannan don Allah. Katirij na faifan inci 10 daban, na dado (jerin faifai na yanke rami a jikin katako) daban.

Ɗanyen katako mai ruwa yana iya tayar da birkin, shi ya sa nake cewa a gwada katakon tukuna. Kuma a riƙa hure garin katako daga wurin, a ajiye katirij sifiya ɗaya a shago.