Shagon tura waƙa na kusa da Ƙofar Wambai: abin da memori ɗaya ya ɗauko mini

Masu tura waƙa a waya sun cika Kano, daga Farm Centre zuwa titin Beirut, har bakin kowace tasha, kuma kusan dukkansu kaya ɗaya suke sayarwa: sabbin waƙoƙin fim, na siyasa, sai fassarar finafinan Indiya. Wanda zan yi magana a kansa ya fita daban. Ɗan ƙaramin shago ne a wani lungu kusa da kasuwar Ƙofar Wambai, ba allo, ba suna, sai dai ka ji kotso yana tashi daga wata tsohuwar sifika a bakin ƙofa. Mai shi dattijo ne, tsohon mai sayar da kaset tun zamanin da kasuwar take cibiyar dillancin kaset da finafinan Hausa. Da kasuwar kaset ta mutu, abokan sana'arsa suka koma takalma da robobi, shi kuwa ya ƙi rabuwa da kayansa. Har yanzu suna nan jere a kanta, da rubutun biro a bayan kowanne, ɗansa kuma yana juye su cikin kwamfuta da kaɗan-kaɗan.

Tsarin cinikin ba wuya. Ka zo da memorinka ko ka saya a wurinsu, a zuba maka, ka biya gwargwadon gigar da ka ɗauka. Ba a lissafi da yawan waƙoƙi. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne ba ya barin yaron ya taɓa kwamfuta sai ya ji me ya kawo ka.

"Malama, ta sauraro kike so ko ta aiki?" Haka ya tambaye ni bayan mun gaisa.

Na ce, "Baba, ta aiki ce. Hausa nake koyarwa a sakandare, ina kuma ɗan rubuta gajerun labarai."

Ya ce, "To ba za a cika miki da tarkace ba. Kai, buɗe mata na fada tukuna."

Wannan tambayar ita ce rabin abin da na biya kuɗi a kai. Da yawa daga cikin waƙoƙin nan suna YouTube, na sani, ina ma saurarensu a can. Amma duk wanda ya taɓa neman tsohuwar waƙa a intanet ya san halin: a liƙa hoton Ɗanƙwairo a kan muryar wani makaɗin, a yanke waƙa a tsakiya, ga data tana zuba. A nan kowane makaɗi da jakarsa, kowace waƙa da sunanta, kuma an raba su yadda masu abin suke raba su: makaɗan fada, makaɗan jama'a, na maza irin su dambe da tauri, na noma, na mata, sai rubutattun waƙoƙi a gefe guda. Inda waƙa take da ɗauka fiye da ɗaya, ya sa an rubuta. Bakandamiyar Shata kaɗai tana da fuska daban-daban a jakar, wadda aka ɗauka a ɗakin rediyo daban, ta filin wasa mai hayaniyar jama'a daban.

Jin su a jere haka, ɗaya bayan ɗaya, shi ya buɗe mini abin da na daɗe ina karantawa a littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ina ma koyar da shi a aji, wato maganar gindin waƙa, layin da ake ta maimaitawa, da ɗiyanta, baitocin da ake ɗorawa a kansa. A takarda bayani ne, a kunne kuwa gini ne kake ji ana ɗorawa. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, yakan kafa gindi guda ya miƙa wa 'yan amshi, su riƙe shi gam, kalangai na tafiya, shi kuma ya saki jiki ya shiga duk inda ya ga dama. Ya yi yabo, ya yi zambo, ya ba da labarin tafiya, ya tsokani wani a cikin taro, kuma mai sauraro ba ya ɓata, domin duk nisan da ya yi amshin nan yana jiransa. Shi ya sa waƙa guda za ta fito da tsawo daban da ɗiya daban a kowace ɗauka, amma ba wanda zai ce ba ita ba ce.

Makaɗan fada ba haka suke gini ba. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, dukansu masu kotso, sukan fara ɗan waƙa su bar shi a buɗe, sai 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su haɗa baki da jagoran har a sauka kan gindi. Ka ji ka san an zauna an shirya, an yi ta bita har kowa ya san inda zai shigo. Na daɗe a kan wannan fiye da komai a memorin. Jagora ya san ƙarshen maganar, amma ya bar wa wasu su faɗa, kuma maganar ta fi nauyi a bakinsu fiye da in da shi ya ƙarasa. Akwai wani labari da nake rubutawa a kan wata uwa da ɗanta ya tafi ci-rani ya daina aike. A wurin da za ta gaya wa maƙwabciyarta abin da ke cin ta, na sa ta fara maganar ta tsaya, maƙwabciyar ta ƙarasa mata. Daga Narambaɗa na ɗauko wannan, kuma duk wanda na karanta wa labarin, a nan yake yin shiru.

Ga kuma harshen kansa. Mu da muka tashi a Kano, kunnenmu ya saba da Hausa guda, ta makaranta da ta rediyo. Sakkwatancin waɗannan makaɗa da na Salihu Jankiɗi mai taushi, da na Ɗan Anace a waƙarsa ta ɗan dambe Shago, yana tuna wa marubuci cewa rumbun ya fi abin da yake ɗiba girma nesa ba kusa ba. Akwai sunayen kayan doki, na yaƙi, na gona da na sarauta da ban taɓa gani a littafin labari na zamani ba. Na keɓe wani littafin rubutu ina tara su, in na kasa gane wata sai in tambayi dattijon, kuma sau da yawa yakan sani. In bai sani ba yakan ce in dawo ranar da wani abokinsa Bazamfare yake zuwa hira.

Amma in za a tambaye ni wace jaka ce mai rubuta gajeren labari ya kamata ya fara buɗewa, zan ce ta Ɗan Maraya Jos. Shi kaɗai ne da kuntiginsa, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake haɗawa da gwangwanin kifi da fatar akuya. Ba 'yan amshi, ba taron makaɗa, ba sarkin da yake fakewa a bayansa. Kuma wa ya zaɓa ya waƙe? Karen mota, 'yan adashi, yarinyar da aka yi wa auren dole, ma'aurata da rigimarsu ta cikin gida. Waƙar karen mota cikin 'yan mintoci take tsayar maka da mutum sukutum, da dattin rigarsa da wahalarsa da ɗan alfaharinsa, har ka ji ba za ka sake wuce irinsa a tasha ba tare da ka dube shi ba. Ya rasu a Jos a 2015, kuma ina ganin har yau mu marubuta ba mu gama koyon wannan darasi nasa ba, na ɗaukar mutumin da kowa ya raina a ba shi tsakiyar fili. Yawancin labaran da ke yawo a wayoyinmu a gidan mai kuɗi suke farawa, a can kuma suke ƙarewa.

Jakar rubutattun waƙoƙi ba ta da girma, amma abin da ke ciki zaɓaɓɓe ne. Akwai Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, a bakin masu rerawa daban-daban, ciki har da irin rerawar makafi da muka tashi muna ji a ƙofar gida. Namangi makaho ne, a ka ya tsara baitocinsa wasu suka rubuta, daga baya aka buga su a Zariya. Na karanta ta a littafi tun ina ɗaliba, amma sai da na ji ta a kunne, da dare bayan yara sun kwanta, na gane me ya sa tsofaffinmu suke kuka in ana rera ta. Maganar mutuwa da kabari da hisabi ce, a Hausar da ko yaro zai gane, kuma karin yana ɗauke da kai ko ba ka shirya ba. Akwai Aƙilu Aliyu da muryarsa, yana juya kalma yadda ya so, amsa-amo na faɗowa daidai inda kunne yake jira. Ɗalibaina da suke hamma in na rubuta ɗango, wato layin baiti, a allo, ranar da na kunna musu shi a aji har mai gadi sai da ya leƙo ta taga.

Yanzu ga inda shagon ya gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne.

Sauti bai zama ɗaya ba. Wasu waƙoƙin tas suke, wasu kuwa shuuu ɗin kaset ya kusa rufe muryar, wasu kuma na'urar da aka juye su da ita tana gudu fiye da kima, sai murya ta sirance, kiɗa ya yi gaggawa. Dogayen waƙoƙi da yawa sun yanke a tsakiya. Dalilin sananne ne: kaset mai minti 60 minti 30 yake ɗauka a kowane gefe, mai 90 kuma 45, to in waƙa ta zarce, abin da aka rera lokacin da ake juya kaset ya tafi ke nan. Wannan ba laifinsu ba ne, amma ya kamata a sa alama a sunan waƙar don mai saye ya sani. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wasu da ba daga kaset ɗinsa suka fito ba, yaron ya karɓo su a wurin wasu masu turawa, kuma suna ɗauke da muryar wani yana tallan shagonsa da lambar waya a tsakiyar waƙa. Kana cikin Ɗanƙwairo sai wani ya faɗo maka da ihu. Na gaya wa dattijon, ya kira yaron ya yi masa faɗa a gabana, aka canza mini waɗanda suke da wata ɗaukar, sauran kuwa ba yadda za a yi.

Jakar mata ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, tana nan da ƙwaryarta, da Uwaliya Mai Amada, sai 'yan kaɗan. Waƙoƙin daɓe, na niƙa, na reno, na gaɗa, babu ko ɗaya. Da na tambaya sai ya ce, "Malama, waɗannan ai ba a kai su kasuwa ba, a tsakar gida suka tsaya." Gaskiya ya faɗa, kuma ta dame ni, domin matan da suka iya su suna ƙarewa.

Finafinai da wasannin kwaikwayo ban ba su wuri sosai ba. Akwai Samanja da wasannin marigayi Ƙasimu Yero, hoton ya dushe, maganar dai tana fita. Mai son nazarin yadda ake gina hira zai amfana, mai neman kallo don nishaɗi zai gaji.

Wurin zama ma matsala ne ga mace. Benci ɗaya ne, kullum cike da maza 'yan hira. Suna da ladabi, an tashi an ba ni wuri, amma ba kowace mace za ta iya zama a nan tana sauraron gwaji ba, alhali sauraron gwajin shi ne amfanin zuwa.

Sai maganar da ba zan tsallake ba. Kuɗin da na biya, ko kwabo bai isa ga iyalan waɗannan makaɗa ba. 'Ya'yansu da jikokinsu suna raye, wasu suna riƙe da kiɗan gidan cikin rashi. Na faɗa wa mai shagon haka, bai musa ba, ya ce shi ladan ajiya da juyewa yake karɓa, kuma in da akwai hanyar da za a riƙa kai musu wani abu, zai shiga. Na yarda da niyyarsa, amma niyya ba ta biya hakki. A ɗaya gefen kuma, in da bai ajiye kaset ɗin nan ba, wasu ɗaukar da tuni zafi da ƙura sun cinye su. Aiki ne da ya kamata a ce jami'o'inmu da gidajen rediyo irin na Kaduna, da suka ɗauki da yawa daga cikin makaɗan nan tun farko, su ne a gaba, da na'urori masu kyau da yarjejeniya da magada.

Ga wanda zai je: ya tafi da memorinsa da ya saya a wurin da ya amince da shi, domin jabun memori sun yi yawa a gari, za ka ga an rubuta giga 32, in an zuba kaya rabi ya lalace. Ya je da hantsi kafin 'yan hira su taru, ya tafi da abin sauraro na kunne, ya ce a kunna masa farko da tsakiya da ƙarshen duk doguwar waƙa kafin a tura. In ya koma gida ya kwafe komai a wani wurin. Kuma in akwai tsofaffin kaset a ɗakin mahaifinsa ko kakarsa, musamman na biki ko suna da aka ɗauki mata suna waƙa, ya tafi da su, dattijon yana juyewa ya mayar wa mutum da abinsa. Ni na riga na aika garin Gaya a tambayo mini na gwaggona.