Ɗan tsuntsu ya faɗo: a kai gida ko a bar wa uwarsa?

Duk wanda ya taɓa tsintar ɗan tsuntsu a ƙasa yana wage baki yana kuka ya san yadda tausayi ke kama mutum. Abu biyu ne a gabanka, ko ka kai shi gida ko ka bar wa iyayensa.

Kai shi gida shi zuciya ke fara raya maka, amma wallahi jan aiki ne. Wanda bai yi gashi ba iyayensa na ba shi abinci kusan duk minti 15 zuwa 20 tun safe har faɗuwar rana, yawanci ƙwari da tsutsa, kai me zaka ba shi? Ni na taɓa yi, na ɗura wa wani ruwa da cokali da niyyar taimako ashe huhu ruwan ke shiga, kafin gari ya waye ya mutu a cikin kwali, har yau abin na damuna. Madara kuwa kar ma ka soma.

To barin shi fa? In ya yi gashi yana ɗan tsalle-tsalle, koyon tashi yake, uwar na nan kusa tana jira ka matsa. Kawai ka kawar da shi daga hanya ko inda mage zata gan shi, ka ɗora kan reshe. In tsirara yake nemi sheƙar ka mayar, zancen wai uwa zata ƙi shi don ka taɓa shi ba gaskiya bane. Ni dai wannan na zaɓa, sai in ya ji rauni ko yana jini, nan kam a nemi likitan dabbobi.