Hattara da masu sayar da katantanwar dutse ta jabu a Damagaram

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Wasu mutane sun ɓullo da sabuwar hanyar cin dukiyar bayin Allah, kuma da katantanwar dutsen nan da masana ke kira amonit suke yin ta. Suna tallarta a WhatsApp da Facebook, wani lokaci su aiko yaro da ita cikin leda har bakin kasuwar Dole. Ni mai tara irin waɗannan duwatsu ne, ina gyara su ina nuna wa 'yan lakwal. An riga an kawo mini guda biyu in duba, dukansu siminti ne, shi ya sa na ga yin shiru bai kamace ni ba.

Su biyu suke aiki. Na farko zai sa hoto, ya ce wani makiyayi ne ya tono ta a Damargu. Bayan kwana kaɗan sai wata lamba ta kira ka, mai murya a natse: "Alhaji, na ji an ce kana da hanyar dutsen nan. Akwai Baturen da nake wa aiki a Faransa, miliyan yake biya a kan kowace ɗaya." Sai ka ruga wurin na farko ka saya a jika 50, kana ganin ka yi tsuntuwa. Daga nan na biyun zai ce a aiko masa kuɗin takardar izinin fitar da kaya. Ranar da kuɗin suka shiga, ranar lambobin biyu ke mutuwa. Wanda ya kawo mini ta biyun dattijo ne, akuyoyinsa ya sayar ya saka a ciki.

Abin da ke sa ƙaryar tasu ta shiga kunne shi ne an gina ta a kan gaskiya. Damargu na da amonit, kuma duniya ta san da haka. A lissafin masana, kimanin shekara miliyan 95 da suka wuce wani reshen teku ya ratsa Sahara, ya rufe yankin da Tanut take a yau. Halittun nan a cikinsa suka rayu, dangin dabbar tekun nan mai hannaye takwas ne, masu ƙwarya a naɗe, kuma sun ƙare daga doron ƙasa shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci ɗaya da dinoso, manyan dabbobin nan na zamanin da. A 1943 wani masani Bafaranshe, Schneegans, ya yi nazarin na Damargu, har ya raɗa wa wani jinsi sunan ƙasarmu, Nigericeras. Amma kasancewarta tsohuwa bai mai da ita zinariya ba. Maroko da Madagaska sun cika kasuwannin duniya da amonit, ƙanana a araha ake sayar da su. Babu Baturen da zai ba ka miliyan a kan abin da zai samu a shagon unguwarsu.

To yaya ake gane ta jabu? Ɗauke ta ka fita rana. Ta gaskiya, inda ɓawonta ya zaizaye, za ka ga wasu siraran layuka masu lanƙwasa suna bin jikinta kamar zanen lalle. Wurin da bangayen ɗakunan cikinta suka haɗu da ƙwaryar ke nan, kuma ba a saman kawai suke ba, cikin dutsen suke. Masu jabu da alƙalami ko tsinin wuƙa suke zana su, sai ka ga layin ya tsaya a sama, ko ya goge in ka sa ruwan cire fentin farce. Ta farkon da aka kawo mini, da na murza ta da auduga sai audugar ta yi baƙi da man goge takalmi. Na ɓantare gefenta kaɗan: ciki toka-toka, cike da 'yan ramukan iska, har da wani guntun zaren buhu da ya maƙale tun wurin kwaɓi. Idan kuma ta yi maka rashin nauyi, ɗora allura a wuta ka taɓa ta ta baya. In ta nutse ko ta yi warin roba, zubi ce. Sannan ka nemi ya nuna maka guda biyu ko uku. Duwatsu biyu ba sa tsagewa a wuri ɗaya. In ka ga tabo iri ɗaya a jikinsu, daga mazubi ɗaya suka fito.

Kyawunta ma abin tuhuma ne. Da yawa daga na Damargu kumburarru ne masu sulɓi, cibiyarsu toshe da farin dutse, wasu gefe guda a karye. Gyaran guda ɗaya kan ci kwanaki: jiƙawa da ruwa, gogewa da tsohon burushin haƙori, tsintar dutsen cibiya da allura kaɗan-kaɗan, ba asid ba fenti. Daga ƙarshe a rubuta a takarda inda aka tsince ta, don wurin masani wannan takardar ita ce rabin darajarta. Ka tambayi mai tallar wane tsauni, kusa da wane ƙauye. Za ka ji ya fara kame-kame.

Batun takardar izini kuwa ya fi komai haɗari. Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma izinin fitar da irin waɗannan kaya hukuma ce ke ba da shi, ba wani mai waya da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Ko da dutsen na gaskiya ne, ƙoƙarin fitar da shi ta bayan fage zai iya jefa ka hannun duwan.

Duk wanda ya riga ya faɗa hannunsu, don Allah kada kunya ta sa ya ɓoye. Ya adana saƙonnin da lambobin da rasiɗin aika kuɗin, ya kai komisariya. Wanda kuma aka kawo wa dutse yana shakka, ya kai wa malaman ilimin duwatsu na Jami'ar André Salifou su duba kafin ya fitar da ko dala. Ku isar da wannan ga 'yan uwanmu na ƙauyukan hanyar Tanut, domin can na ji sun fara nufa.