Yaya, ga gaskiyar maganar gyaran gida kyauta a Ingila

Yaya barka da war haka, ya Hajiya da ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Tambayar da ka yi min ranar Juma'a kafin layi ya yanke, wai da gaske ne a nan gwamnati na gyara wa mutum gidansa na kansa kyauta, na ga ba za ta amsu a waya ba shi ya sa na zauna na rubuto. Da gaske ne, amma ba yadda ake ba da labarin a majalisa ba, don na ji har an kai ga cewa fenti ma zuwa suke su yi maka. Babu wanda zai yi maka fenti wallahi.

Bara na bi abin nan tun daga farko har ƙarshe, ba don kaina ba, don dattijon nan da nake ba ka labari, mutumin wajenmu da ya zo karatu tun zamanin Gowon bai koma ba, wanda duk muke ce wa Baba. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ƴaƴansa biyu ɗaya na Landan ɗaya na Kanada, daga shi sai matarsa Mama ita ma ga shekaru. Gidan nasa ne, ya gama biyan bashin banki tuntuni, amma irin tsofaffin gidajen nan ne na jan bulo da aka jera manne da juna tun zamanin masaƙu, matakalar bene a tsaye kamar tsani kuma a matse, banɗaki ɗaya tal shi ma yana sama. Da aka sallamo shi daga asibiti sai aka sauko da gado falo, aka ajiye masa kujera mai fo a gefe, wanka kuwa sai dai a goge masa jiki da tawul. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyarwa. Ranar da na shiga na ga ya juya fuska bango don kunya, a ranar na ce wa Mama a ba ni takardun.

Sunan tallafin Disabled Facilities Grant, ƙaramar hukuma ce ke bayarwa, wadda a nan ake ce wa kansul, kuma doka ce ta 1996 ta ɗora mata, ba alfarma ba ce, idan ka cika sharaɗi dole ta bayar. A Ingila iyakarsa fam 30,000, a Wales 36,000. Amma kafin a zo maganar kuɗi sai an turo wata ma'aikaciyar lafiya, O.T. suke ce musu, aikinsu su duba yadda mara lafiya ke rayuwa a cikin gidansa. To jiran wannan baiwar Allah shi ne ya kusa sa ni hauka. Doka ta ce kansul ta ba ka amsa cikin wata 6, sai dai abin da ba a gaya maka shi ne watannin nan ba sa fara ƙirguwa sai ranar da cikakken fom ya shiga, fom kuwa ba ya cika sai O.T. ta zo ta rubuta, ita kuma layinta babu ranar ƙarewa. Na kira na kira, kullum muryar mace mai ladabi ta ba ni haƙuri ta ce muna kan layi. Mun fara a farkon sanyi, sai da ganye ya dawo kan bishiyoyi sannan ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Amma fa da ta zo na sara mata. Ta sa leda a takalminta saboda kafet, ta durƙusa da tef ta auna faɗin ƙofa, ta auna tsayin masai, ta sa Baba ya tashi ya zauna ya tashi ya zauna tana kallon wace ƙafa yake jefawa. Ta tambaye shi sau nawa yake zuwa wajen ruwa a rana, ni na yi mata bayanin alwala da tsarki da buta, ba ta yi wani mamaki ba don unguwar rabi ƴan Pakistan ne, ta rubuta. Ƙananan abubuwa irin ƙarfen dafawa a bango da kujerar wanka, duk abin da bai kai fam 1,000 ba, wannan kyauta ne babu binciken aljihu, cikin sati biyu aka zo aka kafa. Babban aikin shi ne kujerar lantarki mai hawa bene da kuma cire bahon wanka a mai da wurin shawa mai daidai da ƙasa, babu dakalin da za a tsallaka.

Daga nan sai binciken aljihu. Idan yaro ne ƙasa da shekara 18 ba a duba kuɗin iyaye ko kaɗan, amma babba sai an ga abin da ke shigo masa shi da matarsa, fansho da komai, kuma ajiyar da ta haura fam 6,000 tana shiga lissafi. Mama ta fito da takardun banki daga cikin wata tsohuwar jakar Makka tana ta mita, wai ita tun da take ba ta taɓa nuna wa bare abin da ke asusunta ba. Na fahimce ta, mu ai ko ɗan cikinka ba ka gaya wa. An lissafa aka ce su ma za su sa wani abu daga aljihunsu, ba mai yawa ba, kansul ta cika sauran.

Ga inda labarin majalisa ya kauce hanya: ko kwabo bai shiga hannun Baba ba. An ce mu kawo farashi a rubuce daga ƴan kwangila biyu, aka zaɓi ɗaya, aka gargaɗe mu kar a taɓa ko ƙusa kafin takardar amincewa ta fito, in ka yi gaggawa ka fara aiki to ka biya da kanka. Da aka gama wani jami'i ya zo ya buɗe famfo ya tsaya yana kallon inda ruwa ke gangarawa, ya hau kujerar da kansa ya sauko, sannan aka biya ɗan kwangila kai tsaye. Baba ya sa hannu cewa yana da niyyar zama a gidan shekara 5, kuma an rubuta cewa in aka sayar da gidan kafin shekara 10 kansul na iya karɓar wani kaso, har zuwa fam 10,000, tunda tallafin ya wuce 5,000. Ɗansa na Landan bai ji daɗin wannan ba, ni dai ban ce komai ba.

Aikin kansa kwana tara. Ka tuna lokacin da muka sa aka gyara banɗakin tsakar gida, magini ya zo da yaransa biyu da safe kafin la'asar ta washegari an gama? A nan mai famfo daban, mai lantarki daban da takardar shaidarsa, mai shimfiɗa ƙasa daban, kowa da ranarsa kuma ƙarfe huɗu na yi ya tattara kayansa. Kyau kam ya yi kyau, ruwa ba ya kwanciya ko ɗigo. Amma kuɗin da aka kashe a ɗan ɗakin nan da bai fi shagon mai caji ba, in ka canza shi naira zai tayar da ɗakuna a unguwarmu har da kwano.

Ni ma na gwada sa'ata a wani tallafin na ɗumama gida da aka fara a Afrilun 2025, shi ma ta hannun kansul, ana sa maka audugar riƙe zafi a saman silin da bango. Gidana ya cancanta don a nan ana ba gidaje maki na yadda suke riƙe ɗumi daga A zuwa G, suna ɗaukar D zuwa G, nawa kuwa E ne, bangon ɗakin yara har fumfuna yake yi da sanyi. Sai aka zo kan kuɗin shiga, iyaka fam 36,000 a shekara ga gida gaba ɗaya, ni da maman yara in aka haɗa mun ɗan haura. Shi ke nan aka ce ba mu ciki. Mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi wai ya yi arziki. Kuma kowane wata daga Afrilu zuwa Janairu ina biyan wannan kansul ɗin harajin gida sama da fam 100, ka yi jinkiri wasiƙa ta zo, ka sake yi a kai ka kotu. Saboda haka in ka ji an ce kyauta, kuɗinmu ne yake zagayowa, ya tsallake ni ya faɗa gidan Baba, kuma ban yi baƙin ciki ba tunda na ga inda ya sauka.

Na san abin da za ka ce, mu da ƙananan hukumomi 774 me suke yi. Tun hukuncin kotun ƙoli na Yulin 2024 da aka ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye nake sauraron in ji wani canji. Ni dai abin da na taso na gani shi ne sai katanga ta faɗi da damina, wani lokacin a kan mutane, sannan a zo da bandir ɗin kwano da buhun siminti a ɗauki hoto. Kafin ta faɗi kuwa yaɓe ne namu, mu da maƙwabta. Sai dai wani abin da na lura, da Baba a gida yake da ba zai yi wata shida yana kallon bango ba, samari huɗu za su ɗauke shi cak zuwa bayan gida su dawo da shi, wani ya ɗebo ruwa wani ya kawo labari. A nan kujerar ce ke ɗaukarsa, tana tafiya a hankali tana ƙara kamar firji, Mama na tsaye a ƙasa tana ce masa ya riƙe da kyau.

Duk wannan ya sa na kasa barci kan dakalin nan na ƙofar banɗakin Hajiya, wanda take ɗaga ƙafa da ƙyar tana dafa bango. Don Allah gobe ka kira magini ya fasa shi ya yi gangare, kar ya goge simintin ya yi santsi, ya bar shi da kaushi. Ka sa mai walda ya yi ƙarfen dafawa guda biyu da bututun ruwa mai kauri, ɗaya a bangon shiga ɗaya kusa da masai, tsayinsa daidai ƙugunta, ita za a auna ba kai ba. Masan tsugunon ma a tambayi kuɗin na zama. Ka turo min lissafin kafin Laraba, ranar ake biyanmu.