Takin Yuriya: Ƙarfinsa Da Inda Yake Ba Manomi Kunya

Cikin takin zamani mai ƙwaya da aka saba gani, babu wanda ya kai yuriya yawan naitirojin, sinadarin da ke sa shuka girma da yin kore: kashi 46 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Yana narkewa da sauri, masara ta yi kore shar cikin 'yan kwanaki. Sai dai ƙasa da yanayi ne ke yanke yawan abin da shuka za ta sha. A duniya, hatsi na amfana ne da kusan kashi ɗaya cikin uku na naitirojin da ake zuba masa.

Babban aibin yuriya shi ne tserewa ta iska. Idan aka watsa shi a saman ƙasa mai ɗan danshi ana zafin rana, yakan rikiɗe ya zama iskar amoniya ya tashi, musamman a ƙasa mai kanwa-kanwa. Raɓa da yayyafi sun fi fari illa a nan, domin suna narkar da ƙwayar ba tare da sun shigar da ita ciki ba. Ana buƙatar ruwan sama na kimanin milimita 12 kafin ya nutse. Mafi aminci a tona rami mai zurfin santimita 5, nesa da gindin shuka da santimita 5 zuwa 8, a zuba a rufe. In ya taɓa iri ko saiwa, ƙonewa ce.

A jigawa, ruwa mai yawa yana wanke shi ya wuce inda saiwa take kaiwa, don haka zuba shi gaba ɗaya asara ce. A raba biyu ga masara: mako 2 zuwa 3 bayan shuka, sai mako 5 zuwa 6, kafin ta fitar da fure, lokacin da ta fi yunwa. A laka mai riƙe ruwa kuma ƙwayoyin halittar ƙasa ne ke mayar da shi iska. Mai shinkafa ya rage ruwan fili kafin ya zuba, ya sake zubawa sa'ad da take shirin ɗaukar ciki.

Kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba: gonar da ta rasa fosfaras (wani sinadarin abincin shuka) ko ciyawa ta cinye ba za ta amsa shi ba. In ya yi yawa, alkama da shinkafa sukan kwanta.

Taki ne da ya cancanci kuɗinsa ga mai binnewa da rabawa. Ajiyarsa na son busasshen wuri da bakin buhu a ɗaure, domin yana jan danshi ya dunƙule.