Ganɗoki da Shaihu Umar: wa ya fi cika littafinsa?

Malama, kin tambaya: tsakanin Ganɗoki da Shaihu Umar, tunda kowanne sunan mutumin cikinsa ne a bango, wanne ne sunan ya fi dacewa da shi? A wurina Ganɗoki ne, ko da yake Shaihu Umar ya fi taɓa zuciya.

Tushensu ɗaya. Dukansu sun fito daga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja, aka buga su a 1934. Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, shi ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, lokacin yana malamin makaranta a Bauchi, ya rubuta Shaihu Umar. A kowanne, dattijo ne ke ba na baya labarin rayuwarsa da bakinsa. Kamanceceniyarsu a nan ta ƙare.

Ganɗoki mayaƙi ne, kuma kusan duk abin da ya faru a littafin shi ya tayar da shi. Yana cikin dakarun Sarkin Sudan na Kwantagora lokacin da Turawa suka ci garin a 1901, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda aka gwabza a 1903. Daga nan sai labari ya bar tarihi, ya yi gabas da shi da ɗansa Garba Gagare, suna karo da aljanu da dodanni, yana yi wa kansa kirari. Cire shi, me ya rage? Babu. Hatta raunin littafin nasa ne: in ya fara cika baki babu mai katse shi, kuma da ya dawo gida ya tarar da zamanin Turawa ya kafu, saurin da ya yi ya sauko bai gamsar da ni ba. Mutumin da ya tsaya a Burmi ya kamata ya ɗan ƙara gardama.

Shi kuwa Umar, kusan ba ya aikata komai, shi ake yi wa. Almajiransa a Rauta suka tambaye shi asalinsa, ya fara. An haife shi a Kagara, ya tashi maraya, mahaifiyarsa ta auri Makau. Fadawa suka ƙulla wa Makau sharri, aka kore shi daga gari. Aka sace yaron, ya yi ta canza hannu har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Ki duba, a duk wannan ina Umar ya zaɓi wani abu? Farkon littafin ma na Makau ne. Sashen da ya fi zafi kuma na uwar ne: ita ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa, aka yi arewa da ita, sai a Tarabulus suka sadu, ba ta daɗe ba ta rasu. Da za a ba littafi sunan wanda ya fi shan wuya a cikinsa, ita ke da shi.

Amma fa sunan ya yi wa Ɓalewa wani aiki. Tun daga bango mai karatu ya san yaron nan zai rayu, zai zama malami. Saboda haka ba fargabar ko zai tsira ke jan ki ba, son sanin yadda ɗan da aka sace ya kai wannan matsayi ne. Wannan ya ba marubucin damar nuna cinikin bayi a natse, daga ɓangaren waɗanda aka kama, alhali Ganɗoki daga ɓangaren masu takobi yake magana. In kina koyar da su, ki haɗa su a wannan gaɓa, zamani kusan ɗaya ne.

Yawan mutane masu nasu labarin a Shaihu Umar, a ganina, shi ya sa ya yi daɗin ɗorawa a dandali. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Mai son yin haka da Ganɗoki sai ya fara samo ɗan wasa guda da zai iya ɗaukar kirarin nan tun daga Kwantagora har ƙasar aljanu bai gajiyar da jama'a ba.