Lauyar da ta tsara mini sayen gidan burodi

Duk mai shirin sayen sana'ar da ke tafiya, ya nemi lauya irin wadda ta yi mini aiki lokacin da na sayi gidan burodi a Sharaɗa, Kano. Mai shi ya so in sayi hannun jarin kamfaninsa gaba ɗaya. Barista ta ce, "Alhaji, in ka sayi kamfani, har bashinsa ka saya, da wanda aka faɗa maka da wanda aka ɓoye." Ta duba rajistarsa a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ta nemi shaidar biyan haraji, sai ga bashin fulawa da na wuta sun taru.

Saboda haka kaya kawai muka saya: tanda, injin kwaɓa, janareta da sunan burodin, ni kuma na yi wa nawa kamfanin rajista. Ta sa mai ginin ya sabunta haya da sunana a rubuce. Abin da ya fi burge ni, wallahi, shi ne sharaɗin riƙe wani kaso na kuɗin har sai mai sayarwa ya sallami masu binsa.

Aikinta da tsada, kuma samunta a waya sai da haƙuri. Amma tun ranar farko ta gaya mini lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sai na nemi tawa.